Farabiti da Jarumin Fada: Nazari a kan Littafin Burma Boy

A wannan takarda za mu duba yadda Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya zana rayuwar soja a littafinsa Burma Boy na 2007, mu auna shi da ma'aunin waƙar fada irin ta Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, ya yi suna a Maradun.

Tushen labarin tarihi ne. A 1944 bataliyoyi na 6 da 7 da 12 na sojan Nijeriya sun shiga rundunar Chindit ta Janar Wingate, aka sauke su da jiragen sama a dajin Bama, bayan dāgar Japanawa, suka tsare sansanin White City da ya datse hanyar jirgin ƙasa. Hausa ce harshen bariki a lokacin.

Jarumin makaɗin fada ba ya yunwa, ba ya zazzaɓi; kirari ne tufarsa. Bandele kuwa ya ɗauko ɗan yaro, Farabiti Ali Banana, ya jefa shi cikin haƙa rami, da jiran abincin da ake sakowa da laima daga sama, da bama-baman dare, da gawawwakin da ke ruɓewa a bakin waya. A ganinmu nan ne ƙarfin littafin yake: ya nuna jaruntaka ita ce jimirin wuni ɗaya bayan wani. Kalmomi irin su samanja da farabiti kuma sun ba hirar sojojin ɗanɗanon bariki.

Amma akwai abin dubawa. Marubucin ya buɗe littafin da Wingate a Alƙahira, sai ka ce sarki ne za a fara wasawa kafin a waiwayi bara. Haka kuma wautar Banana, duk da daɗin ban dariyarta, takan kusanci hoton nan da Turawan mulki suka yi wa sojan Afirka, na babban yaro mai biyayya.

Daga ƙarshe, littafin da Ingilishi yake, alhali da Hausa aka sha wahalar. Jikokin 'yan Bama kaɗan ne za su karanta shi. Muna kira ga malamai su bi Talatar Mafara da Bakura da Maradun, su tambayi gidajen tsofaffin soja, su rubuta abin da aka gada daga bakinsu tun masu riƙe da shi suna raye.