Yawan Ambato da Nauyin Hujja: Tarken Tasirin Binciken Geert Hofstede a Ma'aunin Unguwar Al-Nasim ta Riyad

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken gudummawar Geert Hofstede (1928–2020), masanin ilimin gudanarwa ɗan ƙasar Holan, wanda ayyukansa ke cikin waɗanda aka fi ambato a kimiyyar zamantakewa. An bi tushen alƙaluman da ya bai wa ƙasashen Larabawa da Afirka ta Yamma, sannan aka auna su da yanayin aiki a unguwar Al-Nasim ta birnin Riyad da kuma tsarin kasuwancin Hausawa. Maƙalar ta gano cewa yawan ambato yana nuna yaɗuwar aiki da sauƙin amfani da shi, amma ba ya ƙara wa hujjar da aka gina aikin a kanta nauyi.

1.0 Gabatarwa

A jami'o'in yau, darajar malami ta rataya a kan ambato, wato yawan lokutan da wasu manazarta suka kafa hujja da rubutunsa. Tun da Eugene Garfield ya fara fitar da kundin ƙidayar ambato a 1964, kuma Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin "h" a 2005, ƙarin girma da kuɗin bincike da matsayin jami'a a jerin gwanaye duk sun koma bin wannan ƙidaya. A fagen ilimin gudanarwa, da wuya a sami wanda ƙidayar ta ɗaukaka kamar Hofstede. Saboda haka aikinsa ya dace a gwada tambaya guda a kansa: shin me yawan ambato yake tabbatarwa game da mutanen da aka yi rubutu a kansu?

2.0 Hofstede da Ayyukansa

Hofstede ya fara da karatun injiniya a Delft, ya sami digirin digirgir a Groningen a 1967, ya kuma jagoranci sashen binciken ma'aikata na kamfanin IBM a Turai. Tsakanin 1967 da 1973 kamfanin ya tattara takardun tambayoyi kimanin 116,000 daga ma'aikatansa na ƙasashe daban-daban. Daga waɗannan ne Hofstede ya fitar da littafinsa Culture's Consequences a 1980, wanda ya ƙunshi ƙasashe 40, daga baya aka faɗaɗa zuwa ƙasashe 50 da yankuna uku.

Ra'insa ya tsaya a kan ma'aunai huɗu: tazarar iko tsakanin shugaba da na ƙasa, gudun rashin tabbas, fifita kai ko fifita jama'a, da mazantaka ko matantaka. An ƙara na biyar daga binciken Michael Bond, sai na shida a 2010 daga aikin Michael Minkov. Kowace ƙasa ta sami maki. A tazarar iko, alal misali, Malesiya ta sami 104, Ostiriya kuwa 11.

Ya wajaba a ba shi haƙƙinsa. Kafin 1980 ana koyar da ra'o'in gudanarwa da aka gina a Amurka tamkar sun dace da kowace al'umma. Hofstede ya nuna da alƙaluma cewa abin da ke zaburar da ma'aikaci a Detroit ba lallai ya zaburar da na Alƙahira ba. Ya kuma yi gargaɗi da kansa cewa makin ƙasa ba ya bayyana halin mutum ɗaya.

3.0 Yanayin Ambaton

Yawan ambaton ba abin jayayya ba ne. A ƙididdigar da Elliott Green ya yi a 2016 ta amfani da Google Scholar, littafin na cikin littattafai 25 da aka fi ambato a kimiyyar zamantakewa. Abin dubawa shi ne irin ambaton. Mikael Søndergaard a 1994 ya sami bincike 61 da suka sake gwada ma'aunan, alhali ambaton da ya ƙidaya ya haura dubu, kuma da yawansa ambaton suna ne kawai ko ɗaukar ra'in a matsayin abin da aka riga aka gama magana a kansa. Rachel Baskerville a 2003 ta nuna cewa masu ambaton sun fi yawa a fannonin kasuwanci da gudanarwa da nazarin halayyar ɗan'adam, yayin da masana al'adu da zamantakewa, waɗanda al'ada ce sana'arsu, ba su cika kafa hujja da shi ba. Brendan McSweeney a 2002 ya soki ginshiƙin aikin gaba ɗaya, wato ɗaukar ma'aikatan kamfani guda a matsayin wakilan al'adar ƙasa. Hofstede ya mayar da martani a wannan shekarar, yana mai cewa ƙasa ba ita ce mafi kyawun ma'auni ba, sai dai ita ce ake iya samun bayanai a kanta.

Dalilin yaɗuwar ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibin da ke rubuta kundi yana bukatar ra'in ɗora bincike, ga kuma jadawali da ya rage kowace ƙasa zuwa lambobi kaɗan. Sauƙin ɗauka shi ke haifar da ambato, ambato kuma ya haifi wani.

Masana hadisi sun daɗe da warware irin wannan matsala. Labari ba ya zama mutawatiri sai an sami yawan masu ruwaya a kowane mataki na isnadi, har da tushensa. Idan mutum ɗaya ne a tushe, dubban da suka karɓa daga baya ba su sauya matsayinsa ba. Don haka tushen ne abin bincike.

4.0 Tushen Makin Larabawa da Afirka ta Yamma

Saudiyya ba ta da makin kanta a bayanan IBM. An haɗa ta da Masar, Iraƙi, Kuwait, Labanon, Libiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a matsayin yanki guda, wanda masu amsa tambayoyinsa duka ba su kai 200 ba. Yankin ya sami 80 a tazarar iko, 38 a fifita kai. Haka nan aka haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo a matsayin Afirka ta Yamma, da maki 77 da 20. Jamhuriyar Nijar ba ta cikin lissafin. Makin da aka bai wa wasu daga waɗannan ƙasashe ɗai-ɗai daga baya ba daga wancan babban binciken suka fito ba.

Ma'aunin tazarar iko kansa an gina shi ne a kan tambayoyi uku: yawan tsoron da ma'aikata ke ji wajen saɓa wa manaja, salon yanke shawarar shugaban da suke da shi, da salon da suka fi so. Tambayoyi ne masu ma'ana a ofishin kamfanin kwamfuta. Ko suna da ma'ana a wajensa, wannan sai an gwada.

5.0 Gwaji a Al-Nasim

Al-Nasim unguwa ce mai cunkoso a gabashin Riyad, wadda ta kasu Gabas da Yamma, ta kuma yi suna da wuraren sayar da motoci. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa daga mutum miliyan 32.2 da ke Saudiyya, miliyan 13.4 baƙi ne. A ɗauki misalin garejin gyaran mota a irin wannan unguwa: mai wurin ɗan Najdu, mai lissafi Bamisire, bakanike ɗan Pakistan, direba Bahaushe. Al'adar wace ƙasa ce ke tafiyar da garejin?

Idan direban ya yi shiru sa'ad da maigidan ya yi kuskure, manazarcin da ya dogara da jadawali zai ce ga maki 80 da 77 sun haɗu. Amma akwai bayani mafi kusa. A ƙarƙashin tsarin kafala, takardar zaman baƙo tana hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya sassauta sauya wurin aiki ga ma'aikatan kamfanoni, amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Shirun da doka ta haifar ba shi ne shirun da tarbiyya ta haifar ba, kuma na farko yana iya sauyawa da sa hannu guda. Ra'in da ya kira duka biyun al'ada ya ɓoye abin da ake iya gyarawa.

Lokaci ma ya ja. An tattara bayanan kafin arzikin man fetur na bayan 1973 ya sauya Riyad, kafin tsarin Niɗaƙat na 2011 da ya tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, kafin mata su fara tuƙi a 2018. Hofstede ya yi imani cewa bambancin al'adu tsakanin ƙasashe ba ya saurin gushewa. Wannan da'awa ce da ke bukatar sabon gwaji, ba sabon ambato ba.

6.0 Abin da Maki 77 Ya Rasa a Kasuwancin Hausawa

Bahaushen direban ya fito daga al'ummar da ke da nata tsarin gudanarwa. Abner Cohen a 1969 ya bayyana yadda maigida da dillalansa a Sabon Ibadan ke riƙe cinikin shanu da goro bisa bashi da amana. Paul Lovejoy a 1980, shekarar da littafin Hofstede ya fito, ya nuna yadda fatake ƙarƙashin madugu suka tafiyar da ayarin goro tsakanin Kano da Gwanja. A wannan tsari yaro yana durƙusa wa maigida, amma yana da haƙƙin ci da sutura da aure da jarin da zai tsaya da ƙafarsa. Maigidan da ya kasa sauke wannan nauyi yaransa za su watse, sunansa ya ɓaci a kasuwa. Ladabi a fili, hisabi a ɓoye: lamba guda ba ta ɗaukar duka biyun. Duk da haka, ambaton waɗannan nazarce-nazarce a mujallun gudanarwa bai kama ƙafar na Hofstede ba.

7.0 Kammalawa

Saudiyya kanta ta ga inda bautar ƙidaya ke kaiwa. Mujallar Science ta ruwaito a Disamba 2011 cewa wasu jami'o'in ƙasar na biyan fitattun masana na waje domin su jingina sunayensu gare su, kuma a 2023 kamfanin Clarivate ya tsaurara tacewa, adadin masanan ƙasar a jerinsa ya sauko daga 109 zuwa 76. Hofstede bai sayi ambato ba. Ya same shi da aiki. Amma darasin guda ne: ƙidaya tana auna amo, ba gaskiya ba.

Ga manazartan Hausa, waɗanda yawancin mujallunsu ba sa cikin Scopus, abin da wannan ke bukata a aikace shi ne mai duba kundi ya tambayi ɗalibin da ya kawo maki 77: su wa aka tambaya, yaushe, kuma su nawa? Idan amsar ba ta kai Kantin Kwari ko Al-Nasim ba, to a tura shi can da tambayoyinsa, domin ganin Dala ba shiga birni ba ne.