Dorugu da Tsofaffin Biranen Ingila

A Nassarawa ta Kano, kusa da makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a 1909, wani tsoho ya rasu cikin shekarar 1912. Sunansa Dorugu, yana cikin masu koyar da karatun boko a makarantar. Yaran da ya ke koya wa abacada sun san shi tsoho ne mai jin Turanci, amma ƙalilan ne a Kano su ka san ya ga birnin Landan da idonsa tun 1855, watau kusan shekara hamsin kafin Turawa su ci Kano. Labarin tafiyarsa yana cikin wani littafi mai suna Magana Hausa, wanda wani Bature mai wa'azi, Schön, ya buga a Landan a 1885. Ya kamata a auna wannan labari da ma'aunin gaskiya, gama shi ne farkon abin da aka rubuta da Hausar boko inda Bahaushe ya faɗi rayuwarsa da bakinsa, ya kuma faɗi yadda ya ga ƙasar Turawa.

An haifi Dorugu a ƙauyen Dambanas, wajen Kance, cikin ƙasar Damagaram, wajen 1840. Aka kama shi yana yaro, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno na lokacin. Can wani Bajamushe mai yawon bincike, Overweg, wanda mutane ke kira Tabib, ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Tabib ya mutu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai yaran biyu su ka koma hannun abokin tafiyarsa, Dokta Barth, wanda ƙasar nan ta sani da Abdulkarim. Da shi su ka bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu har Tambutu, su ka komo ta Kano a 1854. A 1855 su ka ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk, su ka sauka Tarabulus, su ka shiga jirgin ruwa, su ka ratsa Faransa, su ka isa Landan a watan Satumba. Barth ya kai su Jamus wurin danginsa, sa'an nan ya shirya mayar da su gida. Amma Schön, wanda ya daɗe yana neman Bahaushen da zai ji harshen daga bakinsa, ya tare su ya tafi da su gidansa a lardin Kent, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. Abbega ya komo a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa bai baro Ingila ba sai 1864.

Abu na fari da mai karatu zai lura da shi cikin labarin shi ne tafiyar maganar. Jimlolin gajeru ne, an jera su kamar raƙuman ayari, daga tashi sai sauka, daga sauka sai kwana. Wanda ya saba da daɗin bakin Magana Jari Ce zai ce wannan ai busasshen tuwo ne ba miya. Akwai gaskiya a ciki, amma a tuna yadda aka yi shi. Yaro ne ɗan shekara goma sha shida ko kusa da haka yana faɗi, dattijon Bature yana rubutawa kalma kalma, cikin harshen da bai ƙware da shi ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa ya san yadda magana kan taƙaice in ana jiran alƙalami. Duk da haka, inda abin ya taɓa zuciyar yaron, kamar labarin kamunsa da rabuwarsa da iyayensa, wannan ƙarancin ado shi ne ƙarfin maganar. Ba ya neman a ji tausayinsa, faɗi kawai ya ke yi, mai karatu kuwa ya ji abin har cikin ransa.

Sashen Ingila gajere ne in an gwada shi da na Afirka, a nan ne kuma a ke iya kama littafin da laifi. Gidan Schön yana gefen Catam, inda ya ke limancin asibitin mayaƙan ruwa. Daga can zuwa Rocesta tafiyar ƙafa ce ta ɗan lokaci, Rocesta kuwa tana cikin tsofaffin garuruwan Ingila. Babbar majami'arta an kafa ta tun shekarar 604, ba wadda ta girme ta a ƙasar sai ta Kantabari, wadda aka kafa a 597. A bakin kogin Medway akwai wata ƙatuwar hasumiyar yaƙi ta dutse, tsawonta ya ɗara ƙafa 100, an soma gina ta a 1127. A 1215 Sarkin Ingila John ya kewaye ta da yaƙi, waɗansu hakimansa masu tawaye na ciki. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya sa aka haƙa rami ƙarƙashin kusurwa guda, aka tokare da itace, aka zuba kitsen alade arba'in aka cinna wuta. Itacen ya cinye, kusurwar ta rufta. Da aka zo sāke gini sai aka yi ta kewayayya, sauran ukun kuwa masu lungu, haka kuma ta ke har yanzu. Kantabari ma kamar mil talatin ce daga nan, can ne aka kashe babban limami Thomas Becket cikin majami'arsa a 1170, har kabarinsa ya zama wurin ziyara shekaru ɗaruruwa.

To, mai neman irin wannan labari ba zai ƙoshi da Dorugu ba. Idonsa yana kan mutane ne, abin da su ke ci, da abin da su ke sawa, da yadda su ke zama da juna. Wurin da ya fi shahara cikin sashen shi ne inda ya bayyana yadda manyan Ingila ke cin abincin dare in sun yi baƙi, maza da mata a tebur ɗaya, a kawo wannan a ɗauke, a kawo wancan, kowane da irin kayan cinsa. Ya bi abin daki daki kamar mai ba da shaida gaban alƙali, bai yaba ba, bai kushe ba. Turawa da kansu sun yi sha'awar wannan wuri, domin sun ga al'adarsu ta zama abin kallo, yadda su ke mai da ta waɗansu.

Ko wannan rashi laifi ne? Rabi da rabi. Tsohon gini ba ya magana sai da mai ba da tarihinsa. Wanda bai san labarin Barbushe ba, in an kai shi Dala, dutse kawai zai gani. Dorugu ya faɗi labarinsa ne a farkon zamansa, bai iya karatun Turanci sosai ba tukuna, ba kuwa wanda ya ga ya wajaba a ɗauki bara a zaga da shi a gaya masa wane sarki ya gina me. Abin takaicin shi ne shekarun da su ka biyo baya, sa'ad da ya girma ya iya karatu da rubutu, ba a sa shi ya ɗauki alƙalami ya ci gaba da labarin da kansa ba. Schön kalmomi ya ke nema domin ƙamus da nahawu da fassarar Linjila, da ya sami abin da ya ishe shi sai ya juya ga aikin gabansa.

Amma a duba ɗaya gefen. Bayan Dorugu Hausawa da yawa sun je Ingila, galibinsu ta babbar ƙofa su ka shiga. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921 a kan hanyarsa ta hajji, ya gana da Sarki George na Biyar. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman su ka je tare. A 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Malam Aminu Kano, wanda ya je karatu Landan a 1946, shi ma ya bar littafin tafiya, Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan duk sun fi Dorugu ilmi nesa, Imam kuwa ba a haɗa alƙalaminsa da na kowa. Sai dai baƙon gwamnati yana da wata wahala da bara ba shi da ita. An tsara masa kwanakinsa tun kafin ya sauka daga jirgi, yau fada, gobe majalisa, jibi ma'aikata, gata tsohuwar jami'a, ga mota ga tafinta. Abin da mai masauki ke alfahari da shi shi za a nuna masa, kuma ba a banza ba, ana so ya koma gida ya ba da labarin ƙarfin Ingila da daɗewar mulkinta. Mai hankali irin Imam ya san haka, shi ya sa ya yi amfani da tafiyar ta wata hanya, ya je ya sami Lugga a gidansa ya faɗa masa abin da ke damun Arewa. Dorugu kuwa ta ƙofar baya ya shiga, yana tsaye inda masu hidima ke tsayawa, ba wanda ya gyara zama dominsa. Abin da ya gani kaɗan ne, amma ba shirya masa aka yi ba.

Ba a ce bakinsa a sake ya ke ba. Wanda ke rubuta maganar shi ne mai ciyar da shi, mai tufatar da shi, wanda kuma ke koya masa addinin Kirista, har aka yi masa baftisma aka sa masa suna James Henry. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Don haka inda labarin ya yi shiru game da wulakanci ko kewa ko sanyin da ya sha, kada mai karatu ya ɗauka babu su. Haka kuma rubutun. A lokacin ba a ƙago haruffa masu lanƙwasa ba, sai bayan 1930 su ka shigo, saboda haka kunnen Schön da alƙalaminsa sun haɗa ƙ da k, sun haɗa ɗ da d, ƙofa da kofa duk ɗaya. Akwai wuraren da ginin jimlar ba na Bahaushe ba ne, ba a kuwa iya rantsewa ko harshen yaron ne ya gurɓace, tun da ya bar gida da ƙuruciya ya zauna cikin Barebari da Larabawa, ko kuwa hannun mai rubutu ne ya karkace. Mai karatun yau sai ya yi haƙuri da shafi biyu uku na fari kafin idonsa ya saba.

Akwai wani abin da ya kamata a faɗa ko da ba shi da daɗin ji. Schön bai taɓa sa ƙafa a Kano ko Katsina ba, iyakarsa Kwara, cikin tafiyar jiragen 1841. Nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da Magana Hausa duk sun jingina ƙwarai a kan bakin Dorugu. A 1884 jami'ar Oksfod, wadda ta fi kowace daɗewa a Ingila, ta ba Schön digirin girmamawa saboda aikinsa na harsuna. Ya cancanta, gama ya yi wahala shekara da shekaru, kuma bai ɓoye sunan yaron ba. Amma sunan da ke bangon littafin nasa ne. Sai a 1971 ne waɗansu malamai biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, su ka sāke fitar da labarin da Turanci tare da bayani, su ka haɗa shi da na Maimaina, Sarkin Askira, jikan Abbega, su ka sa masu labarin a gaba.

Game da tsofaffin birane kuwa, akwai abin da matafiyin Kano ya kamata ya riƙe in an kai shi kallon hasumiyar Rocesta ko ganuwar Yok. Bisa ga tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya soma ganuwar birnin, zamaninsa kuwa ya kama daga wajen 1095 zuwa 1134. Watau sa'ad da magina ke ɗora dutse a bakin Medway, Kanawa na kwaɓa ƙasa a gindin Dala. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Bambancin shi ne dutse yana jure sakaci, ƙasa kuwa sai da yaɓe kowace shekara, da aka daina gayyar yaɓe sai damina da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili su ka yi ta cinta. Turawa sun san darajar nasu har maƙiyansu ma sun sani, domin a 1942 jiragen Jamus sun zaɓi tsofaffin birane da gangan, irin su Bath da Yok da Kantabari, su ka zuba musu bom don su ƙona zuciyar mutanen Ingila. Barth ya hau Dala a 1851 ya zana taswirar Kano, ya rubuta kasuwarta da marinarta filla filla. Dorugu bai yi wa Rocesta haka ba, ba a kuwa ba shi abin yi ba, gama shi Barth ya zo da ilmin jami'a da kuɗin gwamnatin Ingila da littafin rubutu cikin aljihu.

Da ya komo a 1864 ya yi aikin tafinta wa Turawa shekaru masu yawa, har tsufa ya kawo shi Kano. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, shi ma ya bi hanyar Tarabulus da Murzuk da Bilma zuwa Barno a 1906, hanyar da Dorugu ya bi yana yaro, sai dai shi kudu ya nufa. Gidan da su ka yi aiki tare yana nan a Nassarawa, an mai da shi gidan tarihi, ba nisa da masana'antun Bompai. Matar Ɗan Hausa ta rubuta labarin rasuwar tsohon cikin littafinta na Faransanci, ta ce da aka buɗe kayansa an tarar da tabarau masu yawa da ya tara, da tufafi da 'yan kayayyakin da Turawan da ya yi wa aiki su ka ba shi, yana ajiye da su.