Yaji, Biko da Kiyaye Rai: Sharhi a kan Tsarin Kariya ga Matar da ake Cutarwa

Abin da masu aikin jinƙai a Amurka da Ingila ke kira tsarin kariya ga matar da mijinta ke duka ba abu ne mai wuyar fahimta ba. Ana zama da matar a shirya matakai tun fitina ba ta tashi ba: ta ajiye takardunta da ɗan kuɗi a hannun amintacce, ta shirya wata alama tsakaninta da maƙwabciya, ta nisanci madafa idan rigima ta kaure saboda wuƙaƙe, ta adana shaidar asibiti, ta san ƙofar da za ta bi da gidan da za ta nufa. Wasu malamai na ƙyamar tsarin bisa hujjar cewa koya wa mace kashe aure ne. An yi gaggawa a wannan hukunci. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Imamu Gazali ya lissafa a Mustasfa, Shaɗibi kuma ya faɗaɗa a Muwafaƙat, kuma tanadin hanyar tsira ba ya warware igiyar aure.

Aibin tsarin yana wani waje daban. An gina shi a kan gidajen mafaka da layin waya da 'yan sandan da ake sa ran za su zo a kan kari, ya kuma ɗauki mace tamkar ba ta da waliyyi. A ƙasar Hausa mafakar mace gidan iyayenta ne, ficewarta kuma yaji ce, ƙarshen yaji kuwa biko. Miji ya turo dattawa, a yi nasiha, a ce ta yi haƙuri, a mayar da ita ɗakinta kafin kumburin fuskarta ya saɓe. Duk tsarin da bai ce komai game da wannan zama ba ya bar matar a wurin da ta fi buƙatarsa.

Binciken da Jacquelyn Campbell da abokan aikinta suka wallafa a 2003, wanda ya shafi birane 11 na Amurka, ya nuna haɗarin kisa yana ƙaruwa idan mace ta rabu da miji mai tsananin danniya. Wani binciken na 2008 ya gano cewa matar da aka taɓa shaƙe wa wuya haɗarin a kashe ta ya kai kimanin ninki bakwai. Alƙaluman na wata ƙasa ne, amma ɗabi'ar azzalumin da ya ga abin da yake mallaka na shirin kuɓuce masa ba ta da ƙasa. Saboda haka kwanakin yaji da biko su ne mafi hatsari.

Abin mamaki, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya riga ya yi tanadin da ya fi dacewa da al'umma mai dangi da maƙwabta. A Mukhtasar na Shehu Khalil, idan ƙorafin mace ya yawaita ba tare da shaida ba, alƙali na zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki domin a ga mai zalunci. Idan lamarin ya shige duhu, sai a aika masu hukunci biyu da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ambata, kuma rabawarsu tana zartuwa ko da ma'auratan ba su yarda ba. Mace na da damar a sake ta saboda cutarwa bayyananniya ko da ba a shaidi maimaituwarta ba, Ibnu Asim kuma a Tuhfa ya karɓi labarin da ya yaɗu a tsakanin jama'a a matsayin hujja. Har kuɗin hul'i ana mayar mata idan ta tabbata cutarwa ce ta tilasta mata fansar kanta. Waɗannan babuka kan sha karatu a gaban malam, amma da wuya a ji su a zauren sulhu, inda haƙuri ya cinye sauran hukunce-hukunce.

Dokar hana cin zarafi ta 2015 ta zo da odar kariya daga kotu, sai dai matar da ba ta san da ita ba limamin unguwa za ta fara tunkara. Wajibinsa kafin ya sa baki a biko shi ne ya saurare ta ba a gaban mijin ba, tare da muharraminta, ya tambaya ko an taɓa shaƙe ta, ko an zare mata makami, ko an yi mata barazanar kisa. Idan ta amsa da e, maganar ta bar hannun dattawa ta koma gaban alƙali, ita kuma ta ci gaba da zama a gidan waliyyinta har a yanke hukunci.