Ina Abokin da Ke Ɗaya Ɓangaren?

Tun da tashar TRT ta Turkiyya ta fara nuna Diriliş Ertuğrul a 2014, finafinan tarihi suka kamu da ciwo guda: duk wanda ya fito, ko dai ɗan amanar jarumi ne, ko maci amana. A shirin, Turgut da Bamsi na bayan jarumin, Ertugrul, duk inda ya sa ƙafa. Kurdoglu kuwa, aminin Sulaiman Shah mahaifin Ertugrul, tun kallon farko ƙaramin yaro ma ya san munafuki ne. Gaskiya shirin ya iya riƙe mai kallo, ba wanda ke musun haka.

Abin haushin shi ne an kashe aboki na uku, wanda ya saɓa maka a siyasa amma bai sayar da kai ba. Da zarar amini ya ce "ban yarda ba", an gama da shi: gobe za a gan shi da dare yana karɓar jakar zinariya. Saɓani ya zama cin amana, biyayya ta zama "to, ranka ya daɗe".

Marubutan dā ba su yi wannan ragwanci ba. A littafin Sinawa na Masarautu Uku, wanda ake dangantawa da Luo Guanzhong, Guan Yu ya faɗa hannun Cao Cao, abokin gabar ubangidansa Liu Bei. Cao Cao ya karrama shi, shi kuma ya yi masa yaƙi don biyan alheri, sannan ya bar kyaututtukan ya koma wurin Liu Bei. Da Cao Cao ya sha kashi ya biyo ta hanyar Huarong, Guan Yu ya buɗe masa hanya, alhali ya sa wuyansa jingina cewa zai kamo shi.

Tarihin Sakkwato ma ba ya rasa irin wannan. Bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da baffansa Abdullahi na Gwandu. Da tawayen Kalambaina ya matsa wa Abdullahi, Bello ya ɗauko runduna ya kawo masa ɗauki, a nan suka daidaita. Malamai biyu, jini ɗaya, kowa da hujjarsa, babu mugu a cikinsu. Marubucin da ke neman munafukin da zai ɗora wa laifi ba zai iya rubuta Kalambaina ba, ga ta nan kuwa tana jiran alƙalami shekara ɗari biyu.