Kalmar Hauka da Idon Baƙo: Sharhi a kan Fim ɗin Les Maîtres fous na Jean Rouch

1.0 Gabatarwa

Ilimin nazarin al'adun al'umma ya ginu ne a kan wata magana mai sauƙin faɗi, mai wuyar aiki da ita: kowace al'umma tana da nata hanyoyin rayuwa da imani, kuma ba a auna al'adar wasu da mudun wasu. Bahaushe ma ya san da haka, shi ya sa yake cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan takarda za ta gwada maganar a kan gajeren fim ɗin nan Les Maîtres fous, wanda Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauka a 1954 a kusa da birnin Akra, ya fitar a 1955. Manufarta ita ce a nuna wa ɗalibin harshe cewa ganin al'ada da ido bai isa ba, muddin ba a ji ta daga bakin masu ita ba.

2.0 Asalin Hauka

Ko da yake a ƙasar Gana ta yau aka ɗauki fim ɗin, tushen abin a Nijar yake. Wajen 1925, a ƙasar Kurfai ta yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka fara hawan mutane, kuma manazarta sun ambaci wata mata mai suna Shibo a cikin waɗanda suka fara hawa. Iskokin nan ba na daji ba ne, ba na ruwa ba. Siffar Nasara gare su: suna fareti, suna sara wa juna irin na soja, suna ba da umurni da tsawa. Kumandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kama mabiyan aka tsare. Maimakon abin ya mutu, sai shi kansa ya shiga sahun iskokin da sunan Kumandan Mugu. A ƙasar Arewa ana kiran waɗannan iskoki Babule. Ƴan ci-rani, akasarinsu Zabarmawa, su suka tafi da su bakin teku, inda Ingilishi ke mulki.

3.0 Abin da Fim ɗin ya Nuna

Fim ɗin kashi uku ne. Da farko an nuna baƙin Arewa a Akra, kowa da sana'arsa: ƴan dako, leburori, masu kiwon shanu. Daga nan sai suka fita bayan gari ranar Lahadi don taronsu na shekara. Iskoki suka hau: Gwamna, da Janar, da Kofur na masu gadi, da direban jirgin ƙasa, da matar likita. Idanu suka juye, kumfa na zuba daga baki, ana riƙe da bindigogin katako. Aka fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, sai Rouch ya yanko hoton gwamnan Ingilishi na gaske da farin gashin tsuntsu a hularsa, don mai kallo ya ga abin da ake kwaikwaya. Aka yanka kare, aka dafa, aka ci. A kashi na uku, washegari ke nan, sai ga mutanen nan a bakin aikinsu, suna murmushi lafiya lau.

4.0 Tarke

Ya kamata a fara ba Rouch haƙƙinsa. Ya zo Nijar tun 1941 a matsayin injiniya, ya daɗe tare da mutanen bakin kogin Kwara, kuma masu taron ne suka gayyace shi. Ya kuma gane abin da da yawa daga cikin ƴan'uwansa suka kasa gani: wanda ake mulka shi ma yana nazarin mai mulkinsa. Ƴan Hauka sun lura da tafiyar Nasara, da tufarsa, da yawan taronsa da gardamarsa a kan muƙami, suka mayar da su ibada. Hukumar Ingilishi ta ji zafin madubin, ta hana nuna fim ɗin a ƙasar.

Duk da haka akwai matsaloli uku. Ta farko ita ce cin kare. Mutanen nan sun fito ne daga al'ummar da ke ƙyamar naman kare, kuma ma'anar aikin tana cikin wannan ƙyama: iska ta ci abin da mutum ba ya ci don ta nuna ita ba mutum ba ce. Ashe abin da aka ɗauka keta al'ada ne da gangan. Rouch ya faɗi haka a cikin bayaninsa, amma jimla ɗaya ba ta iya kokawa da hoton jini a leɓe. Mai kallo a Paris, wanda bai san dokar ba, zai ɗauki karya dokar a matsayin ita ce dokar. Shi ya sa lokacin da aka fara nuna fim ɗin a gidan tarihi na Musée de l'Homme, ɗaliban Afirka suka fusata, malaminsa Marcel Griaule ma ya nemi a lalata shi.

Ta biyu ta shafi fanninmu kai tsaye, wato fassara. Kalmar hauka ta Hausa ce, amma a nan suna ce ta dangin iskoki. A harshen ƴan bori, wanda iska ta hau doki ne ko goɗiya, kuma da Zabarmanci ma doki ake ce masa. Doki ba mahaukaci ba ne. Mahaukaci shi ne wanda iska ta buge, ba a yi masa girka ba, ba shi da lokacin hawa balle na sauka. Taken Faransanci yana da harshen damo: ana iya fahimtarsa da ma'anar gwanayen hauka, ko kuma iyayengiji mahaukata, wato su Nasara. Wasan kalmar ya yi armashi, sai dai ya shafe iyakar da masu al'adar suka shata tsakanin hawa da taɓuwa.

Ta uku ita ce murya. Na'urar da Rouch ya yi aiki da ita ba ta ɗaukar hoto da sauti tare, don haka muryarsa ce ta lulluɓe fim ɗin daga farko har ƙarshe. Shi ke faɗin abin da Gwamna ya ce, shi ke faɗin abin da Janar ya amsa. A ƙarshe kuma ya kawo tasa fassarar, cewa wataƙila wannan ibada magani ce da ke hana su taɓuwa a ƙarƙashin mulkin mallaka. Ra'ayi ne mai jan hankali, amma na likitan ƙwaƙwalwa ne na Turai. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin dawakin me ya sa yake zuwa ba. Irin wannan ne ya sa Ousmane Sembène, a wata tattaunawa da suka yi a 1965, ya zarge shi da kallon ƴan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari.

5.0 Kammalawa

Fim ɗin ya sami lambar yabo a Venis a 1957, kuma har yanzu ana koyar da shi a jami'o'i. A 1958 Rouch ya fitar da Moi, un Noir, inda ya bar Oumarou Ganda ya yi magana da bakinsa a kan hotunan rayuwarsa a Abijan, abin da ya nuna hanyar gyara tana nan. Ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka rufe shi a Yamai.

Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne: kafin ka bayyana wata al'ada, taku ce ko ta wasu, nemi kalmomin da masu ita suke kiranta da su, ka san abin da suka halatta da abin da suka haramta, sannan ka ware maganarsu daga taka. Wanda zai je ƙauye tattara bayanai a kan bori, ko aure, ko gaisuwar mutuwa, ya rubuta abin da aka gaya masa da harshen da aka faɗa, kafin ya ɗora nasa sharhi.