Good Newwz: An Mai da Zancen Nasaba Abin Dariya

Mai karatu, in kana cikin masu bin finafinan Indiya, da wuya a ce Good Newwz na 2019 ya wuce ka. Raj Mehta ne ya ba da umarni. Labarin ma'aurata biyu ne masu suna iri ɗaya, Batra, da suka je asibiti ɗaya neman haihuwa ta hanyar dashen ƙwai, wanda likitoci ke kira IVF. Sai aka yi musanyen maniyyi: na Akshay Kumar aka haɗa da ƙwan Kiara Advani, na Diljit Dosanjh kuma da na Kareena Kapoor.

Ba na musun an yi dariya, Diljit dai ya iya shirme. Amma duba yadda aka sauƙaƙa abin. Matan biyu duk sun ɗauki ciki a gwajin farko, kamar an kunna fitila. A zahiri mace takan sha allura kusan mako biyu domin ƙwayayenta su nuna, a zaro su da allura, a haɗa da maniyyin miji a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar cikin mahaifa. Sau da yawa dashen ba ya kamawa, sai a sake, kuɗi kuwa sun tafi. Wannan jira da zullumin, wanda shi ne naman labarin, an tsallake shi. Wuri ɗaya na yaba: inda Kareena ta zazzage wa mijinta wahalar da mai ciki ke sha.

Babbar matsalar ita ce nasaba. Ɗan wa ye a cikin wa? Wa zai gaji wa? Fim ɗin ya jefo tambayar, sannan ya rufe ta da hawaye da rungume-rungume a asibiti.

Mu kuwa da muke kallonsa a nan, wannan ba wasa ba ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen in ƙwan matar ne da maniyyin mijinta, ta haramta shigar na uku. Yanzu ka ɗauki matar da ta shekara goma dangin miji na yi mata gorin haihuwa, ta samu da ƙyar maigida ya yarda su ga likita. Ranar da uwar miji ta kalli wannan fim, kana jin za a je asibitin?