Gwanin Ginin Laka, A Ƙafa Ake Gane Shi

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ruwan Watari da curin laka a hannu ya san tozo ba ya ba da wahala, haka ma ƙaho. Murza biyu, ka fitar da su. A ƙafa ne gwani ke yi wa ɗan koyo nisa, domin san da aka gina da laka, in bai tsaya da ƙafafunsa ba, har yanzu curi ne.

Tun da aka kammala madatsar ruwan Watari a ƙasar Bagwai a 1980, ɗanyar laka ba ta yankewa a wannan yanki ko da rani, saboda magudanan ruwan da ke ratsa gonakin shinkafa da tumatir da albasa. A nan shanu ke sauka shan ruwa, jakuna su biyo baya, kowace dabba ta bar sawunta. Wannan sawu shi ne allon karatun yara masu ginin laka.

Gwani ba ya gaggawa. Zai tsince tsakuwa daga yumɓu, ya cuɗa shi da ɗan ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki don kada ya tsage. Sai ya yanko tsinke huɗu tsawonsu ɗaya, ya soke su cikin gangar jiki su zama ƙashi, yana ɗan buɗe su waje kamar ƙafafun kujerar tsugunno. Daga nan ya lulluɓe kowanne da laka, cinya da kauri, ƙwauri siriri, ƙasa kuma ya bar ɗan dunƙule.

A wannan dunƙule sana'ar take. In sa ne, sai ya dangwala shi a kan dutse mai santsi, ya ɗauko ɓawon kara mai kaifi ya tsaga kofaton gida biyu, ya manna ƙananan ƙwayoyi biyu a bayansa. In Bunaji ne, jiki ya sha farar ƙasa, kofato ya sha gawayi. Doki da jaki kofatonsu ɗaya ne dunƙulalle, sai dai na jaki ya fi tsukewa da miƙewa. Raƙumi kuwa tafi ne mai faɗi da yatsu biyu, irin wanda ba ya nutsewa a rairayi. Dagin kare yana nuna farce, na kyanwa yana ɓoye shi. Kura kuma dole ƙafafun gaba su fi na baya tsawo, in ba haka ba, kare ka gina.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da yaran suka gina aljani. Mun taso muna jin cewa aljanin da ya shigo kasuwa cikin kamannin mutum, a kofato ake gane shi. To, yaro zai gina mutum da riga da hula, ya dasa masa kofaton jaki. Ƙafa biyu ba huɗu ba ce, don haka sai ya faɗaɗa tafin, ya rage nauyin kai, ya yi ta gwadawa har siffar ta miƙe ita kaɗai.

Shanya ma da ƙa'idarta. A inuwa ake yi, domin siririyar ƙafa tana riga ciki bushewa, rana kuwa sai ta karya ta. Bayan kwana biyu ko uku a binne ginin cikin tokar murhu mai zafi, ya fito ja, yana ƙara in an ƙwanƙwasa. Da yumɓu da wuta irin haka mutanen Nok, a kudancin Kaduna, suka gina siffofin mutane da dabbobi fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Yaron da ya iya wannan aiki ya riga ya koyi kallo. In akuya ta yi ɓarna a gonar mahaifinsa, shi zai duƙa ya duba ƙasa, ya faɗi ta inda ta shigo da inda ta nufa.